Tafiyata Lome da Ta Ƙare a Bayan Garin Yamai

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, duk da cewa ƙwaƙwalwata ta zubar da abubuwa da yawa (giya ce ta taya ta zubarwa). Amma kafin in kai ku ga Alhamis ɗin, sai kun san wanda nake a da, don ku gane daga inda na faɗo.

Ni ne shef, wato shugaban ma'aikata, a wani kamfani da ke kusa da otel ɗin Gaweye. Ɗan gidan mutunci daga Damagaram, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku a unguwar Boukoki, mai farar shadda da sahun gaba ranar Juma'a. Kuma shekara goma sha ɗaya ina shan giya. Na fara ne a wajen cin abinci da baƙin kamfani, wai don kada a ce ni baƙauye ne. Daga baya baƙin suka koma ƙasashensu, ni kuwa na ci gaba ni kaɗai. A termos ɗin shayi nake zuba ta, in ajiye a kan teburin biro, wato ofis. In na kurɓa sai in tauna kanumfari, in fesa turare, in ɗauka na fi kowa wayo a Yamai.

A cikin waɗannan shekarun ne aka kawo mini ƙarar wani direbanmu, Issufu, mutumin Tawa, dattijo ne da ya girme ni. An ji warin giya a bakinsa da safe. Na kira shi biro, na bar shi a tsaye, na matso dab da fuskarsa na yi masa wa'azi na kusan rabin awa. "Musulmi da kai, da furfurarka, ba ka jin kunyar 'ya'yanka?" Har aya na jawo masa. (A lokacin nan na riga na sha kofi biyu daga termos.) Na sa hannu a takardar korarsa, na ji a raina na yi aikin Allah.

Shekara uku bayan haka, abin ya gama cin ƙarfina. In ban kurɓa da safe ba, hannuna ba ya iya riƙe bik in yi rubutu. Wata rana a tsakiyar zafin Afrilu na ce wa babbar 'yata Nana, mai shekara goma sha shida, ta jira ni a ƙofar lise, makarantarsu, da rana tsaka. Ban farka ba sai bayan la'asar, a cikin mota, a bakin lambunan Gamkalley, wani mai ban-ruwa yana bubbuga gilashi don ya zaci gawa ce. Har yau ban san yadda na kai wurin ba. Nana ta jira awa biyu a rana, sannan ta tako har gida.

Da na shiga gida matata Zuwaira ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana tsinke zogale, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Baban Nana, ƙaryata ta ƙare. Na ce wa mutane hawan jini ne, na ce ciwon suga ne, na ce gajiyar aiki ce. Ba ni da sauran abin faɗi." Nana kuwa ta wuce ni a tsakar gida, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙon da ba a san sunansa ba.

Ba wanda ya tilasta mini. Ni da kaina na je wurin wani likita abokina na faɗa masa gaskiya, ya ce in na daina ni kaɗai a gida abin yana iya kashe ni, sai dai a kwantar da ni. Ya samo mini wuri a wata cibiya a bayan gari. Amma ku ji girman kai: na ce wa maƙwabta da mutanen biro an tura ni horo Lome. Ran tafiya na sa kostim irin na Turawa, na ɗaura karabat a wuya, na ja akwati, na tsaya a ƙofar gida ina karɓar addu'a. Wani maƙwabci har da saƙon atamfa ya ba ni. Na sa mai taksi ya bi hanyar filin jirgi tukuna kafin ya juya, ko da wani yana kallo.

Majo ɗin da ta karɓe ni, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata Bazabarma mai jiki, ta dube ni daga karabat har takalmi ta gaishe ni da yarensu ta ce, "Fofo. Me ya kawo ka?" Na ce na zo ne in ɗan huta. Ta ce to, a buɗe akwatin mai hutu. A cikin kwalbar turare ta samo abin da na ɓoye (na zuba ne wai don ko-ta-kwana). Ta shinshina, ta tsiyaye shi a rariya a gabana, ta karɓe karabat da bel ɗin wando, ta ce, "Kala suru, Malam. Haƙuri za ka yi, kwana ukun farko ba daɗi."

Ba daɗi ta ce, ai ta rage. Jikina ya yi ta karkarwa kamar tsohuwar mota a kan hanyar laterit mai gargada. Gumi, amai, in rufe ido in ga tururuwa na fitowa daga bango. Na roƙi Allah Ya ɗauki raina, sannan na tuna halin da zan same Shi a ciki, na ce a ɗan dakata.

Rana ta uku ita ce Alhamis ɗin. Da hantsi aka fito da mu ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, mu kamar goma sha biyu, kowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai tsohon soja. Da layi ya zo kaina na miƙe tsaye (ba wanda ya ce in miƙe, sabo ne da taron biro), na gyara murya na fara bayanin cewa lamarina ya ɗan bambanta da nasu, ni matsin aiki ne. Ban kai ƙarshen jimlar ba sai jiri ya ɗebe ni. Na faɗi, kuma duk abin da ke cikina ya fita, ta sama da ta ƙasa, a wandon kostim, a gaban mutum goma sha biyu. Ina ji ina gani, na kasa ko rufe fuskata.

Wani ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni. "Sannu, Shef. Jingina da ni."

Na san muryar kafin in ga fuskar. Issufu ne. Ashe bayan na kore shi matarsa ta kwashe yara ta koma Tawa, ya yi shekara yana kwana a tasha, sannan wani ɗan'uwansa ya kawo shi nan. Yanzu shi ke tuƙa motar cibiyar, yana kuma taimakon sababbin zuwa.

Ya kai ni makewayi, ya zaunar da ni a kan kujerar roba, ya tuɓe mini kaya don hannuna ba ya iya ɓalle maɓalli. Ya zuba mini ruwa, ya cuɗa mini baya da soso. Ni da shekara arba'in da bakwai, tsirara, ina kuka har da majina. Kuma abin da ya fi kashe ni, bai daina ce mini Shef ba. "Ɗaga hannu, Shef." "Juyo, Shef."

Da kyar na ce, "Malam Issufu, ka yafe mini. Ranar da na kore ka, ni ma..."

Ya ce, "Na sani."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa. Ai ka matso kusa da ni sosai ran nan. Mai sha ba ya ɓoye wa mai sha, ko buhun kanumfari ya tauna."

Na ce to me ya hana shi tona ni, ga shi da ya tsira da aikinsa, ko aƙalla mu tafi tare. Ya matse soson ya ce, "Na yi tunanin haka. Sai na ga gida ɗaya ya isa ya mutu a rana ɗaya." Na tambaye shi ko iyalinsa sun dawo. Ya ce a'a, ta yi wani auren, yaran kuma sukan ɗauki waya wani lokaci. Ya faɗe shi ba tare da ɗaci ba, ya miƙo mini tawul.

Kwana arba'in da biyar na yi a wurin. Ba zan ce muku na fito sabon mutum ba. Kujerata a biro an ba wani, ni an mayar da ni ɗakin tsofaffin takardu inda ba mai shigowa. Zuwaira na nan, amma duk na shigo gida sai na ga hancinta ya ɗan motsa kafin ta ce sannu da zuwa, kuma ba na ganin laifinta. Nana ta fara amsa mini magana da kalma uku maimakon ɗaya. Wata bakwai ke nan ban sha ba, kuma babu safiyar da ba na so. Wasu ranakun abin da ke hana ni kawai shi ne ba na son Malam Issufu ya sake ganin bayana.

Darasin da na koya ba shi da yawa. In ka tashi yi wa mutum wa'azi a kan abin da kai ma kake yi, ko dai ka yi shiru, ko ka tsaya nesa kaɗan, don shi ma Allah Ya ba shi hanci.