Tozalin da Ya Ƙona Mini Gemu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama masanin ƙarfe a bodar Jibiya ba. Shekara talatin ina sayar da turare da tozali a gindin wata darbejiya kusa da shingen kwastan, ina rubuta wa direbobi wasiƙa da ajami, har aka saba kirana Malam, ni ma na yarda.

Wata Laraba aka tsare tirelar ɗan ƙanwata, Ilu. Ya ɗauko wasu duwatsu masu ƙyalli cikin durom-durom zai kai masana'antar ƙarfe. Jami'ai suka ce ya kawo takardar gwajin kayan, in ba haka ba motar ta zauna. Ilu ya birkice mota bai ga takardar ba. Ya zo yana gumi.

"Kawu, maigidana ya ce in motag ga ba ta fita yau ba, in aje mai makulli."

Na gyara rawani na tafi. (Ba wanda ya gayyace ni, Allah ne shaida.) Na ɗauki dutse ɗaya, na juya shi, na shinshina, na dubi babban jami'in.

"Ranka ya daɗe, wannan ai tozali ne. Ni da tozali tun ba a haife ka ba."

Na tsinci wata takarda a ƙarƙashin kujerar direba, na juya bayanta, na yi Bisimilla, na rubuta shaidata da ajami, har da sa hannu. Don in kashe bakin masu shakka na ari guduma wurin bakanike. Tozali dai bugu ɗaya yake rugujewa. Wannan da na maka masa, sai ga tartsatsi fari fat ya yo kaina. Warin gemuna ne ya fara sanar da ni an samu matsala.

Ana cikin dariya wata jami'a, Madam Rifkatu, ta iso da na'ura kamar bindiga. Ta ɗora a kan dutsen ta duba.

"Baba, titaniyam ne haɗe da baƙin ƙarfe. Cikin narkakken ƙarfe ake zuba shi, ya kame iskar da ke raunana ƙarfen. Farin tartsatsin nan ma alamarsa ce, ka yi mana rabin aiki." Ta miƙo hannu. "Mu ga shaidar taka."

Ta karɓa, ta juya ɗaya gefen, ta dubi Ilu.

"Direba, ba wannan kake nema tun safe ba?"

Takardar gwajin ce, da hatiminta, da adadin kowane sinadari a jere. Minti ashirin tana hannuna ina busa tawada.

Aka saki motar Ilu kafin la'asar. Ni kuwa har yau direbobi in sun zo wucewa sai su leƙo: "Injiniya, a ba mu tozali, amma marar wuta!"

Tun ranar, kowace takarda na samu sai na nemi mai boko ya karanta mini gabanta kafin in taɓa bayanta. Gemu ya tsiro, alhamdu lillahi. Sunan ne ya ƙi fita.