Ranar da Na Je Bikon Kulu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa gaban surukina a garin Rara ba. Tun kafin in yi nisa bari in faɗi gaskiya: ni ne mai laifi. Kulu, matata, ba ta yi mini komai ba.

Ni manomin albasa ne a fadamar Goronyo, karatuna bai wuce allo da firamare ba. Shekararmu goma sha huɗu da aure, 'ya'ya huɗu. Wata shekara, ana tsakiyar dashe, na fara jin zafi a gabana duk lokacin da ya miƙe. Na shafa na ji wani tauri a ƙarƙashin fata kamar ƙwayar wake. Kafin a cire albasa abin ya lanƙwashe hagu (ku gafarce ni, babu wata hanyar faɗa) kamar lauje. Kwanciyar aure ta zama wahala gare mu duka biyu.

Kulu ta ce, "Malam, mu tai asibiti Sakkwato mana. Ciwo ba abin kumya ba na."

Na daka mata tsawa. Bayan kwana biyu na buɗe kwallarta ina neman allura, sai na ga ƙullin hakin maye, irin haɗin da matan aure ke sha don gyaran jiki. Na san da shi shekara da shekaru, ban taɓa kuka da shi ba (in ma za a bi gaskiya, godiya ya kamata in yi). Amma ranar ina neman wanda zan jingina wa laifi. Na jefa mata ƙullin na ce, "Wanga shi ya lalata ni. Ki tai gidanku sai na neme ki."

Ba saki, ba dalilin da za ta kai wa iyayenta. Ta goya autarmu ta fita, ko waiwaye ba ta yi ba.

Daga nan na shiga yi wa kaina magani. Na tafi Kwargaba wurin wani tsohon maɗori da ya taɓa ɗora wa ƙanena ƙafa. Na ja shi bayan rumbu na yi masa bayani da raɗa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ni ƙashi nika ɗorawa," ya ce. "Wuringa Allah bai sa ƙashi ba. Mi zan ɗora? Tai asibiti."

Mai hankali da ya ji. Ni kuwa na koma gida na tsaga karan dawa, na yagi tsohon zane, na ɗaure kamar yadda nake ɗaure ƙafar akuya in ta karye. Kwana uku ina zuwa gona ina tale ƙafa, wanda ya tambaya in ce kunama ce. Da wurin ya kumbura ya fara baƙi, tsoro ya kai ni inda matata ta kasa kai ni.

Likitan a Sakkwato ya kwance ɗaurin, ya ɗaga karan ya juya shi.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Na ce wani ne.

"To, ka gaya wa wanin saura kaɗan ya kashe naman."

Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce tabo ne a ciki. Sau da yawa wurin kan ɗan ji rauni mutum bai ma sani ba, in ya zo warkewa sai ya bar tauri. Sauran naman yana miƙewa, tabon ba ya miƙewa, shi ne yake ja gefe guda. Zafin yakan lafa da kansa cikin shekara ko fiye kaɗan, amma lanƙwasar ba kasafai take komawa daidai ba. Akwai maganin zafi, akwai abin miƙarwa da likita ke koya wa mutum, wasu a yi musu allura a tabon. Tiyata sai abin ya daina ƙaruwa wata da watanni, kuma yana hana auratayya, ita ma tana iya rage tsawo kaɗan.

Na ce, "Likita, hakin maye hwa?"

"Ba shi ba ne. Ba asiri ba ne, ba daji ba ne, ba kuma ɗauka ake ba. Ka zo da iyalinka, wannan jinyar ta mutum biyu ce. Tana ina?"

Na ce ta yi tafiya. A lokacin watanta huɗu a gidansu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na isa Rara. Surukina na zaune ƙofar gida da ƙanensa da limamin unguwa. Bayan zana kuma ana jin daka. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa, na ce na zo biko.

Tsohon ya ce, "Madalla. Amma wata huɗu muna tambayar ɗiyarga mi ta yi, ta ƙi magana. Garinga babu abin da ba a ce ba. Har an ce da wani ka kama ta. Biki ta bar zuwa, rijiya ta bar zuwa. Yau sai ka hwaɗi laihinta gaban liman."

Sai a lokacin na san abin da na jawo mata. Kalma guda za ta faɗa ta wanke kanta, amma ta zaɓi a zarge ta da a ji sirrina.

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ba ta da laihi. Lalura ce ta same ni."

Na manta tsohon kunnensa ya yi nauyi.

"Mi ka ce? Ɗaga murya!"

"Lalura, Baba!"

"Ta ina?"

Na dubi liman ko zai cece ni, ya duƙufa kan carbinsa. Na dubi ƙasa, ta ƙi tsagewa. Abin da na ɓoye har na kori matata a kansa, shi na faɗa wa surukina da muryar mai tallar kifi, har sau biyu, har da karan dawa. Dakan bayan zana ya tsaya cak. Ƙanen tsohon ya tura rawani a baki, kafaɗunsa na rawa.

Surukina bai yi dariya ba. Ya ce, "Ciwo na Allah na. Ƙazahi kuwa naka na. Ba ni za ka ba haƙuri ba."

Yanzu shekara biyu ke nan. Zafin ya tafi, taurin na nan, lanƙwasar ta ragu kaɗan ba ta gushe ba, likita ya ce ba sai an yi tiyata ba. Kulu ta dawo, muna zaune lafiya. Na dai koyi cewa abin da ka ƙi raɗa wa likita, wata rana sai ka yi shelarsa a ƙofar surukai. Abin da babu maganinsa shi ne wata huɗun nan. Har yau akwai matan Rara da ke yi mata wani kallo.

Ranar bikon, a zaure aka fito mini da Kulu. Ta rame. Ta ce, "Malam, ya jiki?" Wannan tambayar ta fi maganar surukina zafi.

Na ce, "Kulu, ke kin ruhe mini asiri, ni na tona miki wanda ba ki da shi. Na yi miki ƙazahi, na bar ki da bakin mutane. Ban da hujja ko guda. Don Allah ki yahe mini."