Yadda Za Ka Samu Ƙahon Barewar Turai a Bunkure

Idan kai ɗan maharbi ne amma ba ka taɓa kashe abin da ya fi gafiya ba, kwantar da hankalinka. Bi waɗannan matakai shida, na yi maka alkawarin ƙaho a bangon zaurenka kafin a gama tsinkar tumatir. An gwada hanyar a kan Malam Sammani, kuma yana nan da ransa.

1. Ka tabbata kana cikin matsi

Mahaifin Sammani ne Sarkin Bakan ƙauyensu, wato shugaban maharba, har Allah ya yi masa rasuwa. Tun da aka ja kanal aka share daji, babu abin da ya rage na farauta a yankin sai ɓeran shinkafa. Amma sarauta tana nan, Sammani kuma yana sonta kamar ransa. Kawu Ibrahimu, babba a cikin tsofaffin maharba, ya tare shi a gaban jama'a.

"Ɗana, mun ji kana noma albasa mai kyau, Allah ya ƙara. Amma mu ƙaho muka sani. Kawo mana kafin azumi, in ba haka ba rawani ya koma wani gidan."

Sammani ya ce to. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

2. Kada ka shiga daji

Da farko dai babu shi. Na biyu, dabbar daji ba ta da tarbiyya, gudu take yi. Nemi gonar wani Alhaji da ya kewaye da waya ya zuba dabbobi, inda 'yan birni ke zuwa su biya su harba su ɗauki hoto.

A irin wannan gona, can bayan Bunkure, Sammani ya ga barewar Turai, namiji, ja jawur, ƙahonsa rassa-rassa kamar an dasa masa busasshiyar darbejiya a ka. Jatau ake kiransa. Sammani ya ƙirga rassa goma sha biyu, murna ta kama shi. Washegari ya sayar da ɗaya daga cikin injinan ban-ruwansa ya biya kuɗin Jatau.

Manajan gonar, Abdulrauf, ya ce, "Baba, ga shi nan a tsaye. Harba yau mu gama."

3. Kada ka harba da wuri

Nan ake gane gwani. Sammani ya shekara ashirin yana turke raguna, ya san ƙaho da kiwo yake yi.

"Wa ka taɓa gani ya yanka rago ranar da ya saye shi?" in ji shi. "Goma sha biyu ne a hannunku. A hannuna sai ya kai ashirin."

Kullum da hantsi sai ya ɗaure dusa da harawa da kanwa a bayan babur. Matarsa Ummukulsum ta kalle shi kwana uku, a na huɗu ta kasa haƙuri.

"Malam, ni dai ban taɓa jin maharbin da ke kai wa nama abinci ba. Ko in kwaɓa lalle ka tafi masa da shi?"

Ya tada babur ya tafi. Kafin mako uku Jatau ya gane ƙarar babur ɗin, da ya ji ta sai ya sheƙo bakin waya.

4. Kada ka saurari mai takarda

Abdulrauf ya karanci kiwon dabbobi a jami'a, matsalarsa ke nan. Sau uku yana jan Sammani gefe.

"Baba, wallahi irin waɗannan duk shekara ƙahonsu faɗuwa yake yi. Lokacin ya kusa."

Sammani ya yi dariya har da hawaye. "Ƙaho ne ko ganyen mangwaro? Bijimin kakana da nasa ya mutu, har yau yana rataye a gidanmu. Kai dai so kake ka sallame ni."

Riƙe wannan: duk wanda ya gaya maka abin da ba ka taɓa gani ba, ƙarya yake yi. Wannan ƙa'ida ta hutar da mutane da yawa wahalar tunani.

5. Gayyato shaidu

Saura kwana biyu azumi, Sammani ya cika a-kori-kura da tsofaffin maharba da makaɗi da mai hoto, shi kuma ya biyo su a babur, sanye da warki da layu, rataye da bindigar tokar mahaifinsa.

Jatau na jin babur ya taho da gudu yana neman buhu. Sammani ya ja da baya don dai a ce farauta ce. Jatau ya biyo shi. Ya ƙara ja, ya ƙara biyo shi. Da ya ɗaga bindiga sai ya kasa harbawa, domin gaskiyar magana tausayi ne ya kama shi. Wata biyu suna gaisawa kullum.

Jatau ya shinshini bakin bindiga, warin albarushi ya shige masa hanci. Ya yi atishawa, ya girgiza kai. Ƙahon dama ya faɗi tim. Ya sake girgizawa, na hagu ya bi shi. Ya tsaya da kai sumul kamar na jaki, yana jiran dusa.

Kiɗa ya tsaya. Sammani ya ji rawani ya tafi, inji ya tafi, abin da ya rage masa kawai kunya ce, ga mai hoto yana ta ɗauka.

6. Yi shiru, bar tsofaffi su yi bayani

Kawu Ibrahimu ya tako a hankali, ya ɗauki ƙaho ɗaya, ya duba gindinsa. Babu sara, babu yanka. Ya daɗe yana jujjuya shi.

"Shekara sittin ina wannan sana'a," in ji shi. "Na ga ubanka ya kira gada ta zo. Amma dabba ta ga bindiga ta tuɓe ƙaho ta miƙa da kanta, wannan ban taɓa gani ba. Jama'a, ya fi ubansa."

Abdulrauf ya buɗe baki zai yi bayani. Sammani ya take masa ƙafa.

Bayan sallah aka naɗa shi. Ana gama ɗaura rawani Kawu ya sunkuyo. "Ranka ya daɗe, abin da aka yi sau ɗaya, mahassada cewa za su yi dace ne. Baɗi war haka za mu koma. Maharban Madobi ma sun ce da su za a je."

Da rawanin a kansa Sammani ya hau babur ya nufi gonar.

"Abdulrauf, don Allah gaya min gaskiya. Yana sake tsirowa?"

"Yana tsirowa, Baba, in dai yana raye. Sai dai ka san baƙinmu na birni ba su iya saiti ba, suna iya nufin wata dabba su same shi."

Yanzu duk ranar da aka yi baƙi a gonar, za ka tarar da Sarkin Baka zaune a gindin waya, bindiga a cinya, yana gadin barewa kada wani maharbi ya taɓa ta. In Jatau ya yi tari, shi ke fara kiran likita.

Sanarwa

In taka barewar ta ƙi tuɓe ƙaho, ko ta tuɓe babu shaidu, ko ta soke ka da shi kafin ta tuɓe, wannan tsakaninka da Alhajin ne. Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai taɓa zuwa Bunkure ba, kuma ba ya ba da aron dusa.