Tsohon Ma'aikacin Kwatano

Namadi, ƙanen maƙwabcina, ya yi shekara uku da gama difloma yana zaman kashe wando, har iyayen yarinyar da yake nema suka ce in bai samu abin yi ba kafin Babbar Sallah, to ya haƙura. Ana cikin haka ya ji wani kamfanin casar shinkafa na neman mai kula da sito, amma sai an kai CV, takardar nan ta tarihin karatu da aikin da mutum ya taɓa yi. Sai gogan naka ya garzaya shagon kwamfuta na bakin tasha. Shi kuwa mai shagon nan, Allah ya shirye shi, tun da ya buɗe bai taɓa zama ya rubuta wa kowa sabuwa ba. Tsohuwar takardar wani yake buɗowa, ya goge suna da makaranta da lambar waya, ya sa naka, ya miƙo maka da ɗuminta. Namadi ko kallon abin da ke ciki bai yi ba, ya cusa a ambulan ya kai.

Ranar ganawa ya tarar da mutum biyu: manajan kamfanin, Malam Isuhu, mai ƙaton tabarau da ji da kai, da kuma Hajiya Turai, mai kamfanin da kanta. Manaja ya fara karanta takardar yana taɓe baki, can sai ya tsaya cak, ya ɗago kai.

"Kai ne ka yi shekara huɗu kana kula da sito a Kamfanin Tauraron Teku, a Kwatano?"

Wallahi ran nan Namadi ya fara jin labarin. Yaron da ko Zariya bai taɓa wucewa ba. Amma ya tuna da Babbar Sallah, ya dake.

"Haka yake a rubuce, yallaɓai."

"Ƙarya kake yi," in ji manaja, har yana buga tebur. "Babu wani kamfani mai wannan suna, a Kwatano ko a ko'ina. Ba a taɓa yin sa ba. Ni zan gaya maka."

Hajiya, da tun ɗazu take danna waya, ta miƙo hannu ta karɓi takardar. Ta karanta a tsanake, ta juya bayanta, sannan ta dubi manajanta.

"Ikon Allah. Malam Isuhu, ba Tauraron Tekun nan ba ne kai ma ka yi wa aiki? Shekara huɗu, a sito. Ai saboda shi na ɗauke ka, na bar mutum goma sha ɗaya."

Ashe shagon bakin tasha ya daɗe yana yi wa jama'a hidima. Gumi ya karyo wa manaja, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai kawai ya huce a kan Namadi.

"Tashi ka ba mu wuri. Mu nan ba ma ɗaukar maƙaryata."

Namadi ya miƙe cikin ladabi, ya gyara zaman hularsa, ya ɗan rusuna.

"Allah sarki, ashe makara na yi. Yallaɓai, yaushe aka daina?"