Ranar da na naɗe caja da jiƙaƙƙen buhu

Ni na ƙona cajar motar Alhaji. Ƙaramar mota ce mai batir, da ita yake zagaya gonarsa ta hanyar Salka, don gwiwoyinsa sun gaji. Ni ne maigadi.

Na taɓa cajar, na ji zafi rau. Na ce ba za ta mutu a gabana ba. Na jiƙa buhu na naɗe ta, yadda nake yi wa jarkar ruwan sha.

Audu direba ya ce, "Baba, ba randa ba ce fa."

Na ce, "Tun ba a haife ka ba nake sanyaya ruwa." Na ƙara kwara mata moɗa guda.

Sai tartsatsi, sai hayaƙi. Alhaji bai sake ganin masararsa ba sai da aka kawo sabuwar caja.

Har yau ina bakin ƙofar. Duk wanda wayarsa ta yi zafi sai ya miƙo min: "Baba, a jiƙa buhu?"