Ranar da Karafan Ɗina Ya Toshe Lungu a Aziziyya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara jan karafan ɗina ba (ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a fita shan iska bayan gari).

Mu huɗu ne kacal a gidanmu na unguwar Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki: ni, matata Ruƙayya, da 'ya'yanmu mata biyu. Ruƙayya ta ce a sayi ƙarami. Na ce ina! In mahaifiyarta ta zo Umra daga Kano fa, ina za ta kwanta?

"Abu Salma, Umma fa sau ɗaya take zuwa a shekara," in ji ta.

Ban saurara ba. Na kinkimo mai gado takwas, har da kicin da banɗaki. (Gaskiyar magana, burge surukata nake son yi.)

Da Hajiya ta iso, muka shirya tafiya Ɗa'ifa. Tana kujerar baya da carbinta, ni ina gaba ina hura hanci. A kwanar farko ta lungunmu, ƙugun karafan ya maƙale tsakanin katanga da sandar lantarki. In na yi baya ya karkace hagu, in na gyara ya karkace dama. Sai ga bas cike da 'yan Umra a bayana, hon kawai ake dannawa.

Mutanen suka sauko kallo. Ashe duk Hausawa ne, kuma da suka gan ni cikin farar jallabiya da ƙyalle a ka, suka ɗauka ba na ji.

"Wannan bawan Allah gidan ya ciro gaba ɗaya?"

"Kai dai bari, yau ya fara riƙe sitiyari."

Na ƙudurta zan ci gaba da zama Balarabe har a watse. Sai na ji gilashin baya yana sauka.

"Bayin Allah, surukina ne," in ji Hajiya, "kuma saboda ni ya saya. In kun gama dariyar, ku zo ku kama."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo, direban tirela daga Funtuwa, ya ba ni haƙuri, ya karɓi makulli. Murɗa biyu ya yi, abu ya fita sumul. Sauran suka kewaye ni suna ta shi mini albarka da ƙarfi, maƙwabta na leƙe ta taga.

A Ɗa'ifa kuwa, Hajiya ta leƙa cikin karafan ɗin ta ce, "Tubarkalla, Allah Ya yi maka albarka." Sannan ta shimfiɗa tabarmarta a gindin bishiya, wai ita iskar Allah ta zo sha.

Tun daga ranar na gane: kafin ka ƙirga baƙin da za su zo, fara auna lungunku, sannan ka tambayi baƙuwar ko gadon ma take so.