Uban Itatuwa da Layuka Uku

A duk malaman daji babu kamar Uban Itatuwa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don kada a wahalar da jama'a wajen nema. Kwas ɗin mako biyu ya je, ya dawo da tabarau da tef ɗin awo a wuya, kamar tela. Tun daga nan ko gaisuwa sai ya yi gyaran murya.

Gandun itacen turare aka damƙa masa, layi arba'in. Sai takarda ta zo: shugabar ma'aikata za ta zagayo, wanda dashensa ya fi girma shi za a ɗauke zuwa babban ofis, mai fanka da kujera mai juyawa. Bawan Allah har ya fara juyi a kan benci.

Aka kawo takin zamani na gandu duka. Mai basira ya duba, ya ce manya ba sa shiga ciyawa da takalmansu, daga mota suke leƙe. Saboda haka rabon layi arba'in a juye shi a layuka ukun bakin hanya, a tula a gindi.

Wani tsohon lebura, wanda ya shekara talatin yana dashe, ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, da an nisanta shi da gindi, a jira ruwa ya sauka. Abin nan yana da zafi."

"Baba, kai da hannu kake aiki, ni da ƙwaƙwalwa! Itace kamar ma'aikaci yake, in ka cika masa ciki dole ya miƙe. A kimiyyance nake magana!"

Aka tula. Kullum sai ya zo da tef yana awo, yana yi wa itatuwa jawabi. Su kuwa don ladabi suka sunkuyar da kai. A mako na biyu ganye ya yi ja, a na uku ya zube.

Ranar zuwan shugaba, ya tare ta da murmushi har kunne.

"Hajiya, wannan hutawa suke yi. Sabon tsari ne, sai wanda ya yi karatu."

Ta karya reshe ɗaya, ya ce ƙaras. Sai ta tattare zane ta kutsa ciyawa, shi kuma yana biye yana tsince ƙaya daga wando. Can baya ga itatuwa kore shar, sun fi mutum tsawo, iska na kaɗa su.

Nan take ya buɗe ƙirji. "Aikina ke nan, Hajiya!"

Ta juya wajen tsoho, alƙalami a hannu. "Baba, me aka ba waɗannan?"

"Ko ƙwaya ba su samu ba, 'yata. Allah ne ya rufa musu asiri, maigida bai taɓa ƙarasowa nan ba sai yau."

Ta mayar da murfin alƙalaminta, ba ta rubuta sunansa ba.